Rufe Google Reader a 2013: yadda mutane suka nemi madadi da inda kowa ya ƙare

Ranar Laraba 13 ga Maris 2013 Google ta fitar da jerin wasu kayayyakinta da zata rufe, irin sharar nan da take yi lokaci lokaci tun 2011, kuma a cikin jerin sai ga sunan Google Reader, manhajar da ke tara wa mutum sabbin labarai daga shafukan da yake bi a waje ɗaya. Urs Hölzle ne ya rubuta sanarwar, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin kamfanin, dalilin da aka bayar kuma guda biyu ne kacal, wai masu amfani dashi sun ragu, sannan kamfanin yana so ya tattara ƙarfinsa akan abubuwa kaɗan. Aka ce ranar 1 ga Yuli za a kashe shi. Daga sanarwa zuwa ranar rufewa kwana 110 kenan, wata uku da rabi, a cikinsu ne miliyoyin mutane zasu nemo inda zasu koma da karatunsu na kullum.

Na ɗauko wannan lamarin ne duk da ya kwana biyu saboda yanzu an riga an ga ƙarshen labarin, mun san wanda ya zaɓi daidai da wanda ya sake kwasar kaya bayan shekara biyar, kuma abun bai daina faruwa ba, ko a 2025 Mozilla ta rufe Pocket, manhajar ajiye rubutu dan karantawa daga baya, ranar 8 ga Yuli mutane suka sake shiga irin wannan halin.

Ga wanda bai taɓa amfani da irinsa ba, ga yadda abun yake. Yawancin shafukan labarai suna da wani ɓoyayyen adireshi da ake kira RSS, wani fayil ne da ke sabunta kansa duk sanda aka saka sabon rubutu, yana ɗauke da kanun labarin da lokacin da aka saka shi da ko dai cikakken rubutun ko ɗan tsakure. Netscape ce ta fara fito da tsarin a 1999, Dave Winer ya fitar da RSS 2.0 a 2002, sai wani ɗan uwansa mai suna Atom ya biyo baya a 2005. Kai kuma sai ka samu manhajar da zaka tara waɗannan adireshin a ciki, ita zata riƙa zagayawa tana duba maka, duk abunda ya fito sabo ta jera maka shi bi da bi, wanda ka karanta ta cire, wanda baka karanta ba ya jira ka ko sati nawa zakayi. Babu wani inji a tsakani da zai zaɓar maka abunda yake ganin ya dace ka gani. Abunda ka bi shi zaka gani, duka, a jere. Google Reader ya fito a watan Oktoba 2005, Chris Wetherell ne ya fara gina shi, kyauta ne, yana da sauri, kuma cikin 'yan shekaru ya zama shine inda 'yan jarida da masu bincike da malaman jami'a da masu rubuta manhaja suke buɗewa da safe kafin komai.

To me yasa neman madadi yayi wuya haka, alhali manhajojin RSS ba su ƙare a duniya ba? Anan ne ainihin lamarin yake kuma anan zan ɗan daɗe.

Mutane da yawa da suke cewa su ai ba sa amfani da Google Reader, ashe suna amfani dashi ba tare da sun lura ba. Mai iPhone da ke karatu da Reeder, mai Mac da ke kan NetNewsWire, mai Windows da ke kan FeedDemon, mai Android da ke kan gReader ko Press, duk waɗannan fuska ce kawai, a bayan fage sabar Google ce, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke aiki dare da rana, ke zagayawa tana ɗauko labaran kuma ita ke riƙe lissafin wanne ka karanta wanne baka karanta ba, shi yasa in ka karanta abu a waya ka dawo kwamfuta zaka tarar an riga an cire shi. Kamar 'yan garuwa ne birjik a unguwa kowa da kurarsa da farashinsa amma duk burtsatse ɗaya suke ɗiba, ranar da mai burtsatsen ya sa kwaɗo kowa ya tsaya. Kuma ba haka kawai abun ya zama ba, dayake kyauta ne kuma Google ce, masu irin wannan sana'ar sun yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya. NewsGator da ke da nata tsarin daidaita karatu tsakanin na'urori ta rufe shi a 2009 ta tura mutanenta kan Google Reader. Bloglines da ya riga shi shahara, kamfanin Ask ya sanar da rufe shi a 2010 kafin MerchantCircle ya karɓe shi. Wa zai biya kuɗi akan abunda babban kamfani ke rabawa kyauta? Kenan sanda aka zo 2013 kasuwar ta riga ta bushe, waɗanda suka rage ƙanana ne, wasunsu mutum ɗaya ne da sabobi 'yan kaɗan. Wani abu kuma, ƙofar da duk manhajojin nan ke bi su yi magana da sabar, wato API ɗin Google Reader, Google bata taɓa fitar da ita a hukumance ba, masu manhaja ne suka yi ta bin diddigi har suka gane yadda take aiki suka gina kasuwancinsu akai, ba yarjejeniya ba alkawari.

Alamar ma ta daɗe da bayyana. A ƙarshen Oktoba 2011 an cire wa Reader ɓangaren da mutane ke raba labari da abokansu su tattauna a ƙarƙashinsa, aka ce kowa ya koma Google+, dandalin sada zumunta na Google wanda aka buɗe a watan Yuni na shekarar. Mutane sun yi ƙorafi sosai, musamman 'yan Iran, dan su Reader ba wajen jin daɗi bane kawai, ta nan suke karanta shafukan da gwamnati ta toshe tunda sabar Google ce ke ɗauko rubutun ba wayarka ba, kuma ta nan suke yaɗa shi a tsakaninsu. Wannan ɓangaren na labarin yana taɓa ni sosai, saboda wanda ke Amurka neman manhaja mai kyau yake, wanda ke Tehran kuwa hanyar samun labari ce gaba ɗaya aka rufe masa, kuma ƙaramin kamfanin da zai koma toshe shi ba wuya. A 2013 an yi takardar koke a Change.org, cikin 'yan kwanaki ta haura sa hannu 100,000, bata canza komai ba. Google+ ɗin da aka yi duk wannan dominsa shima an rufe shi a Afrilu 2019.

Yanzu mu ɗauki mutum ɗaya a matsayin misali, mu ce ɗan jarida ne ko ɗalibin digiri na biyu da ke bin kafofi 200, ya kasa su cikin folda folda, siyasa daban, kimiyya daban, mujallun bincike daban, kuma ya shekara shida yana danna tauraro akan rubutun da yake so ya dawo kansu. Abunda yake dashi a Reader kashi uku ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen ɗaukuwa.

Na farko jerin kafofin da yake bi. Wannan shine mai sauƙi kuma shine ya ceci kowa. Akwai wani tsarin fayil da ake kira OPML, shima Dave Winer ne ya fito dashi a 2000, ɗan ƙaramin fayil ne na rubutu zalla da ke ɗauke da sunan kowace kafa da adireshinta da foldar da take ciki, ko kafa 500 kake bi nauyinsa bai kai hoto ɗaya na waya ba. Google ta bari kowa ya sauke nasa ta Google Takeout, shafin da mutum ke sauke bayanansa da ke hannun Google, a cikin kunshin zaka ga subscriptions.xml, shine OPML ɗin, kuma kusan kowace manhajar RSS a duniya tana karɓarsa. An bar ƙofar Takeout a buɗe har 15 ga Yuli, sati biyu bayan rufewa, daga nan aka goge komai. Wanda ya yi sakaci ya wuce ranar sai dai ya zauna ya tuno kafofinsa da ka.

Na biyu abubuwan da ya ajiye. A kunshin akwai starred.json da liked.json da shared.json da notes.json, wato an baka kayanka, amma a tsarin da ba kowace manhaja ke karantawa ba, in ka buɗe shi rubutu ne cunkushe da alamomi wanda sai mai ilimin kwamfuta zai warware. OPML baya ɗaukar taurari, baya ɗaukar tak, wato kalmar rarrabewa da ka liƙa wa labari, baya tuna me ka karanta. Wasu manhajojin kamar Feedly da NewsBlur sun iya jawo taurarin kai tsaye in ka haɗa akawun ɗinka tun Reader na raye, shi yasa wanda ya ƙaura a watan Afrilu ya fi wanda ya jira daren ƙarshe samun kayansa cikakku.

Na uku shine wanda mutane basu ma san suna dashi ba sai da ya tafi. Fayil ɗin RSS na shafi yawanci sabbin rubutu 10 ko 20 kawai yake nunawa, tsofaffin suna faɗuwa. Amma Google tana ajiye kwafin duk abunda ta taɓa ɗaukowa tun shekarun farko, kaga in ka bi wata kafa zaka iya ja baya shekaru kana karantawa, har rubutun shafukan da suka mutu aka goge su daga intanet suna nan a Reader, kuma zaka iya bincika kalma a cikin duk abunda ka taɓa bi, da injin binciken Google. Babu wani madadi da ya zo da wannan, dan ba wanda ke da rumbun. Sabuwar manhaja daga ranar da ta fara ɗauko kafa take fara tarihinta. Ƙungiyar sa kai ta Archive Team ta yi ta kwasar abunda zata iya kafin 1 ga Yuli ta kai Internet Archive, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, terabayit da dama, sannan Mihai Parparita wanda tsohon injiniyan Reader ɗin ne ya rubuta wata 'yar manhaja da zata sauke maka duk tarihin akawun ɗinka fiye da abunda Takeout ke bayarwa. Amma mutum nawa ne suka ji labarin wannan a kan lokaci, kuma cikin waɗanda suka ji nawa ne suka iya sarrafa ta?

To ina aka nufa?

Mafi yawa Feedly suka tafi. Feedly tana nan tun 2008, itama akan Reader take zaune, amma su sun hango abun tun da wuri suna gina nasu bayan fagen a ƙarƙashin wani aiki da suka kira Normandy, wanda kwaikwayon API ɗin Google Reader ne. Dan haka daren sanarwar suka fito suka ce kowa ya shigo da akawun ɗinsa na Google, ranar da Reader ya mutu ba zaka ji komai ba. Cikin awa 48 mutum 500,000 suka shiga, cikin sati biyu miliyan 3, zuwa ƙarshen Mayu suna maganar miliyan 12. A watan Yuni suka buɗe ƙofa ga Reeder da Press da gReader da Newsify da Nextgen Reader, wanda shine ya sa masu waɗannan manhajojin suka samu sabon wajen dogara. Gaskiya sun yi aiki, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya lura dasu a lokacin. Da farko ba bincike sam, kuma a makonnin farko ba hanyar fitar da OPML ɗinka sai da aka yi ta magana aka saka. A watan Agusta suka fito da Feedly Pro, dala 5 a wata ko 45 a shekara, binciken yana ciki, sun sa akawun 5,000 na har abada akan dala 99 suka ƙare cikin awa takwas. A watan Nuwamba suka gwada tilasta shiga da Google+, mutane suka yi caa, suka janye cikin kwana ɗaya. A Yuni 2014 wasu suka kai musu harin cunkoso suna neman kuɗin fansa, suka ƙi biya, manhajar ta yi ta faɗuwa na 'yan kwanaki. Duk da haka suna nan har yau, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga kamfanoni masu bin labaran tsaron intanet da kasuwa, dan can kuɗin yake.

NewsBlur labarinsa daban ne kuma shine ya fi nuna halin da ƙananan suka shiga. Mutum ɗaya ne ke riƙe dashi, Samuel Clay, kuma shi da kansa ya rubuta cewa mutum 1,500 da ke shiga kullum ba su dame shi ba sai ga 50,000 sun afko lokaci guda. Sabobi suka durƙushe. Dole ya rage adadin kafofin da mai akawun kyauta zai iya bi daga 64 zuwa 12 na wani lokaci, ya sa sababbin masu neman kyauta a layi, wanda ya biya dala 24 a shekara ya wuce kai tsaye. A lokacin wasu sun ji haushi, ni kuwa a ganina abunda ya yi shine daidai, dan kuɗin nan ne ya sayi sabobin da suka riƙe shi, kuma NewsBlur na nan yana aiki, lambobin manhajar a buɗe suke ga duk mai son ɗauka.

The Old Reader kuwa akasin haka ya faru dashi. Wasu 'yan tsiraru ne suka gina shi a 2012 a lokacin hutunsu, dan su dawo da yanayin Reader na kafin 2011 mai raba labari da abokai, kyauta, ba wani tsarin samun kuɗi. Bayan sanarwar Maris mutane suka cika shi har ana jiran kwanaki kafin OPML ɗinka ya shiga. A watan Yuli faifan ajiyarsu suka lalace manhajar ta tsaya na kwanaki, a ƙarshen watan suka fito suka ce sun gaji, aikin ya cinye musu rayuwa, zasu rufe rajista su mayar dashi na 'yan kaɗan, galibin waɗanda suka shigo bayan 13 ga Maris su nemi wani wajen. Ka duba fa, wata ɗaya kacal bayan mutuwar Reader, mutanen da suka gama jera foldodinsu aka ce su sake tashi, an gudu ba a tsira ba kenan. Allah ya taimaka bayan 'yan kwanaki wani kamfani a Amurka ya karɓe shi ya ci gaba, daga baya aka sa masa tsarin biya. Ban ga laifin masu shi ba ko kaɗan, mutane ne da suka yi abu dan sha'awa aka ɗora musu nauyin da Google ta sauke.

Sai manyan sunaye biyu da suka shigo da gudu. Digg, shafin raba labarai da kamfanin Betaworks ya saya a 2012, washegarin sanarwar suka ce zasu gina nasu, suka fito dashi a ƙarshen Yuni ana saura kwanaki kaɗan, mai tsafta, mai sauƙi, kyauta. AOL itama ta fito da AOL Reader a watan, kyauta. Mutane da yawa sun zaɓe su da tunanin cewa kamfani mai suna ya fi mutum ɗaya tabbas. AOL Reader ya rufe a Janairu 2018, Digg Reader ya bi shi ranar 26 ga Maris 2018. Duka biyun ba RSS bane sana'ar kamfanin, gefe ne, kuma ba kuɗi yake kawowa ba, daidai matsayin da Reader yake a Google.

Waɗanda suka fara da karɓar kuɗi tun ranar farko fa? Feedbin na Ben Ubois ya buɗe a Maris 2013, kwanaki kaɗan kafin sanarwar, dala 2 a wata, ba akawun kyauta, yana nan har yau. Inoreader da Yordan Yordanov ya fara a Bulgeriya a shekarar, yana da na kyauta da na biya, yana nan kuma ya girma. Amma kar a ce biya garanti ne, Feed Wrangler na David Smith dala 19 ne a shekara kuma shima ya rufe a 2023 bayan kusan shekara goma. Bambancin shine wanda ke cin abinci da sana'ar yana da dalilin tsayawa, wanda ke yinta a gefe duk ranar da aka sauya shugabanni ko aka duba lissafi zai iya ajiyewa.

Akwai kuma masu cewa su sun gama da dogara ga kowa, suka kama hayar saba suka ɗora Tiny Tiny RSS wanda Andrew Dolgov ya fara a 2005, daga baya FreshRSS da Miniflux suka samu karɓuwa. Wannan hanya ce mai kyau ga wanda ya iya, rumbunka a hannunka, ba mai rufe maka, amma sabunta manhaja da ajiyar kwafi da biyan haya duk wata duk a wuyanka suke, kuma ranar da faifai ya mutu baka da kwafi ba wanda zaka kira. Ba zan ba wanda bai saba da irin aikin ba shawarar ya fara daga nan ba. Wani abun sha'awa, API ɗin nan da Google bata taɓa amincewa da ita a hukumance ba ita ce ta zama yaren da FreshRSS da Miniflux da Inoreader da The Old Reader suke ji har yau, manhajojin waya na magana dasu ta hanyar da suke magana da Reader a da.

Su kansu manhajojin fuskar ba duka suka tsallake ba. Nick Bradbury, mai FeedDemon, ya sanar da ƙarshensa, ya fitar da sigar ƙarshe wadda bata buƙatar Google ya barta kyauta. Reeder na iPad da na Mac an janye su daga kasuwa na wani lokaci har mai su Silvio Rizzi ya sake gina su. NetNewsWire ya yi shekaru yana tangal tangal a hannun wani kamfani kafin ya dawo hannun mai shi na asali Brent Simmons a 2018, ya sake fitowa kyauta a 2019.

Kuma dole a faɗi wannan, kaso mai yawa ba su koma ko'ina ba. Sun bar RSS gaba ɗaya suka koma samun labari a Twitter da Facebook, inda ba kai ke zaɓar jerin ba. Twitter ta cire nata RSS a watan Yuni na 2013 ɗin, Firefox ya cire nasa a Disamba 2018, alamar RSS mai ruwan lemu ɗin nan da ake gani a shafuka ta yi ta ɓacewa. Ƙananan marubuta masu rubutu sau ɗaya a wata su suka fi asara a nawa ganin, dan a Reader ko bayan wata uku ka yi rubutu mai bin ka zai gani, a soshiyal midiya kuwa in baka yi magana kullum ba an manta da kai.

To in yau manhajar da kake karatu da ita ta turo maka saƙon rufewa, ko ma bata turo ba, abunda lamarin 2013 ya nuna shine ka fara da fitar da kayanka a ranar, kafin ka fara tunanin ina zaka. Ka sauke OPML, ka buɗe shi ka tabbata kafofin suna ciki da foldodinsu, ka ajiye a waje biyu, ko imel ka tura wa kanka. Sannan ka sauke ajiyayyun labaran a kowane tsari aka baka, waɗanda kuma suke da muhimmanci sosai, irin na aikin bincike ko rahoton da kake haɗawa, ka ajiye cikakken rubutun a matsayin PDF, linki kaɗai baya isa dan shafuka na mutuwa. Bayan nan ka zuba OPML ɗin a manhaja biyu ko uku lokaci guda tun tsohuwar na aiki, ka yi sati kana kwatantawa, wacce ke kawo labari da wuri, wacce ke tsallake wasu kafofin, wacce ke buɗewa in netwok ya yi rauni. Ƙananan manhajoji sukan jinkirta duba kafar da mutum kaɗan ke bi, to in kafofinka ba shahararru bane wannan gwajin ya fi komai. Ka kuma yi haƙuri da makon farko, manhajar da ta yi nauyi ranar da kowa ya afka mata ba lallai haka take ba, NewsBlur shaida ne.

Tambaya biyu nake ganin sun fi kyawun fuska da launi muhimmanci. Ta farko, a ina maɓallin fitar da OPML yake, ka nemo shi da idonka ka danna ka ga ya yi aiki kafin ka zauna. Ta biyu, da me masu ita ke biyan kuɗin saba, in amsar ita ce masu karatu ne ke biya to akwai dalilin ɗorewa ko da kai a na kyauta kake, in kuwa babu amsa to ka san zama na ɗan lokaci kake. A 'yan shekarun nan akawun kyauta na Feedly kafa 100 yake ɗauka, na Inoreader 150, na NewsBlur 64, kaga mutumin misalinmu mai 200 dole ko ya biya ko ya rage, kuma ragewar ba asara bace sosai, duk wanda ya shekara shida yana tarawa in ya duba zai tarar da kafofi da yawa sun daɗe da mutuwa.

Ga mu da biyan dala da katin naira ko sefa ke zama aiki, akwai hanya ta uku da mutanen 2013 da yawa suka raina saboda sun saba da daidaita waya da kwamfuta, wato manhajar da ke zaune a na'urarka ita kaɗai ba saba a tsakani. Feeder a Android, NetNewsWire a iPhone da Mac, ko Thunderbird a kwamfuta, duk kyauta ne, su suke zuwa shafukan kai tsaye su ɗauko, ba akawun ba fasawod, kuma ko masu su sun daina aiki akansu wanda ke wayarka zai ci gaba da tafiya. Zaka iya sauke labaran sanda kake da data ko wayfay ka karanta daga baya, kuma rubutu ne galibi ba bidiyo mai kunna kansa ba. Abunda zaka rasa shine in wayar ta kwana biyu a kashe, kafar da ke saka labari da yawa wasu zasu wuce ka tunda fayil ɗin sababbi kawai yake riƙewa, sannan in wayar ta ɓace jerin ya tafi da ita sai in kana da OPML a gefe.

Kafofin kuma suna nan fiye da yadda ake zato. Duk shafin da aka gina da WordPress in ka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa yawanci zai baka, na Blogger kuma /feeds/posts/default, kowace tashar YouTube tana da nata, BBC Hausa na dashi, fodkas kuwa kusan gaba ɗayansa akan RSS yake tafiya. Yawancin manhajojin ma in ka liƙa musu adireshin shafin kawai su zasu nemo na RSS ɗin da kansu.